Sukarin 'Ya'yan Itatuwa da Rage Ƙiba: A Sha Ko A Bari?

Duk wanda ya ƙudiri aniyar rage ƙiba a 'yan shekarun nan zai tarar da shawarwari biyu da suka yi hannun riga. A asibiti ana ce masa ya yawaita 'ya'yan itatuwa da ganye. A waya kuwa, ko a TikTok ko a zaurukan WhatsApp, mai koyar da motsa jiki da mai sayar da shayin rage tumbi suna rantsuwa cewa ayaba da mangwaro da dabino sukari ne zalla, wai ba su da maraba da lemon kwalba. Abin da ya ƙara ɗaure wa mutane kai shi ne, kowane ɓangare da Hukumar Lafiya ta Duniya yake kafa hujja. Ba kuma ƙarya suka yi mata ba. Ita ce ta ce a rage sukari, ita ce kuma ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itatuwa da kayan lambu kowace rana.

Maganar ba ta masu neman kyan sura kaɗai ba ce. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya zarce ƙa'ida. Da yawa daga cikin masu neman ragewar likita ne ya ɗora su a kai, saboda hawan jini, ko ciwon gwiwa, ko ciwon suga da ya fara leƙowa. Irin waɗannan, amsar da ba daidai ba tana iya sa su bar abin da ke amfanarsu su riƙe wanda ke cutar da su.

## Wane sukari ake magana a kai?

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta kan sukari. Ta ce kada sukarin da mutum ke sha ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da yake samu daga abincinsa na yini, in da hali ma ya sauko ƙasa da kashi 5. Da kalori ake auna wannan ƙarfi: giram ɗaya na sukari kalori 4 ne, giram ɗaya na mai kuma 9. Ga wanda ke buƙatar kalori 2,000 a rana, kashi 10 ɗin ya kama giram 50, wajen cokalin shayi 12 ke nan, kashi 5 kuma cokali 6.

Sai dai masu yaɗa wannan adadi sukan tsallake sharaɗin da ke biye da shi. Ba kowane sukari Hukumar ta sa a lissafi ba. Wanda ta ƙayyade shi ne sakakken sukari, wato wanda ba ya ƙunshe cikin tsokar ɗan itace. A nan aka haɗa wanda kamfani ya zuba a lemon kwalba da biskit, da wanda uwargida ta zuba a kunu da zoɓo, da wanda mai shayi ya kamfato da cokali. Zuma ma tana ciki. Haka ruwan 'ya'yan itatuwa da aka matse, ko da ba a ƙara masa ko ƙwayar sukari ba. Abin da ba ya ciki shi ne sukarin ɗanyen ɗan itace da aka ci ɗungurungum, da na kayan lambu, da na madara. Harajin naira 10 kan kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta sanya a Najeriya shi ma abubuwan sha masu zaƙi na kamfani ya nufa, bai taɓa tiren mai kayan marmari ba.

Wato lemon zaƙi guda, in aka ɓare aka cinye shi da tsokarsa, ba ya cikin cokali 12 ɗin. Shi ɗin dai in aka matse shi a kofi, ya shiga.

Akwai kuma wani kuskuren daga ɗaya ɓangaren, na masu cewa sukarin 'ya'yan itace "na Allah da Annabi ne" don haka ba ya ƙirguwa. Sukari iri uku ne a cikin 'ya'yan itatuwa: gulukos, da furuktos, da sukuros, wanda shi kuma haɗin biyun farko ne. Sukarin shago da ake yi da rake sukuros ne. Da zarar sun isa jini, jiki ba ya tambayar daga ina suka fito. Bambancin yana wajen yawan abin da ya shiga, da saurin shigarsa, da abin da ya rako shi.

## Inda tsoron ya samo asali

Tsoron furuktos daga Amurka ya taso. Tun daga shekarun 1970 kamfanonin can suka fara zaƙaƙa abubuwan sha da wani ruwan sukari da ake yi da masara, mai ɗauke da furuktos, a daidai lokacin da ƙiba ke ta hauhawa a ƙasar. Masu bincike suka fara zargin akwai alaƙa. Dalilinsu na kimiyya ne: kusan kowace gaɓa ta jiki tana iya ƙona gulukos, amma furuktos mafi yawan aikinsa a kan hanji da hanta yake sauka. In ya yi wa hanta yawa, sai ta mayar da wani sashe kitse.

A 2009 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan mutane masu ƙiba. Tsawon mako 10 suka riƙa ba su abin sha da aka zaƙaƙa da furuktos, har kashi 25 cikin ɗari na kalorinsu na yini. Kitsen cikin ciki ya ƙaru, kitsen jini ya hau, jiki kuma ya rage jin insulin, wato sinadarin da ke saukar da sukarin jini. A shekarar ce kuma wani likitan yara a San Francisco, Robert Lustig, ya gabatar da wata lacca da miliyoyin mutane suka kalla a YouTube, inda ya kira furuktos guba. Daga nan maganar ta bazu duniya, tana tafiya tana zubar da sharuɗɗanta a hanya, har ta iso gare mu a matsayin "ayaba na sa kitsen hanta".

To amma a duba adadin. Kashi 25 na kalori 2,000 ya kama giram 125 na furuktos. Matsakaicin lemon zaƙi yana da sukari wajen giram 12, kusan rabinsa ne furuktos. Kafin mutum ya kai abin da aka bai wa waɗancan mutane, sai ya cinye lemo kusan 20 kullum, har mako 10. Shi kansa Lustig bai haɗa da 'ya'yan itatuwan da ake ci da tsokarsu a cikin abin da yake yaƙa ba. Da lemon kwalba da jus yake faɗa.

## Tsakanin baki da hanta

Abu uku ne suka raba ɗan itace da kofin jus. Na farko ruwa: kankana fiye da kashi 90 cikin ɗari ruwa ce, lemo da gwanda da abarba ma sun haura kashi 85, don haka suna cika ciki da kalori kaɗan. Na biyu tauna, wadda ke cin lokaci, ta bai wa ƙwaƙwalwa damar jin an ƙoshi. Na uku faiba, wato zare-zare da sassan ɗan itacen da ciki ba ya narkarwa, irin abin nan da ke saura a rariya in an tace. Sukarin a ƙunshe yake cikin wannan tsoka, sai an tauna an narkar kafin ya fito, shi ya sa yake isa hanji da hanta kaɗan-kaɗan. Kamar ruwan sama ne: yayyafi ƙasa na shanye shi, amma in aka sheƙa shi lokaci guda kamar da bakin ƙwarya sai ya kwanta.

An daɗe da gwada wannan. A 1977 wasu masu bincike a Ingila suka bai wa mutane tuffa iri uku mai sukari daidai wa daida: ɗungurungum, da markaɗaɗɗiya, da ruwanta da aka tace. An shanye ruwan cikin sauri ninki 11 a kan cin tuffar. Waɗanda suka sha ruwan ba su ƙoshi kamar waɗanda suka tauna ba, insulin ɗinsu ya fi hawa, daga baya kuma sukarin jininsu ya fi yin ƙasa. Markaɗaɗɗiyar a tsakiya ta tsaya. Wannan ya amsa tambayar masu bilenda: markaɗe ya fi tacewa, tun da faiba na nan, amma bai kai tauna ba, kuma a kofi ɗaya ana iya zuba abin da baki ba zai iya cinyewa a zama ɗaya ba.

Kofi ɗaya na ruwan lemo, mililita 250, yakan ci lemo uku ko fiye. A ciki akwai sukari sama da giram 20 da kalori kusan 110, faiba kuwa ba ta kai giram ɗaya ba. Lemon kwalba da aka saba yana da sukari giram 10 zuwa 11 a kowace mililita 100, ruwan lemon zaƙi kuma 8 zuwa 9. Jus ɗin ya fi shi bitamin nesa ba kusa ba, amma ta fuskar sukari tazarar ba ta da yawa. Shi ya sa hukumar lafiya ta Birtaniya ta ce kada jus ya wuce mililita 150 a rana.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, wanda littattafan Turai ba sa kawowa. A duba yadda ake shan lemo a bakin titi. Mai lemo ya fere koren ɓawon ya bar farin, ya yanke ɗan murfi a sama, ya miƙo. Mai saye ya kafa baki yana matsawa yana zuƙa, in ruwan ya ƙare ya jefar da sauran. Abin da aka jefar ɗin nan shi ne faiba. Mutum na iya zuƙe huɗu ko biyar a haka yana hira, bai ji ya ci komai ba. Ya fi kofin jus jinkiri, amma a haƙiƙa jus ya sha. Da zai buɗe ɓawon ya cinye tsokar, da wuya ya wuce biyu. Rake ma haka yake: ruwan ake haɗiyewa, a tofar da sauran.

## Ba duka suka zama ɗaya ba

Idan aka auna giram 100 na abin da ake ci, ban da ɓawo da ƙwallo, kankana ce a ƙasa, da sukari wajen giram 6 da kalori 30. Gwanda tana da wajen giram 8 da kalori 43. Lemon zaƙi da gwaiba wajen giram 9, abarba da tuffa wajen 10. Gwaiba ta yi fice ta wani ɓangaren, domin faibarta ta haura giram 5, ta ninka ta lemo da ta tuffa. Ayaba tana da sukari wajen giram 12, amma saboda sitacin da ke cikinta kalorinta ya kai 89. Mangwaro wajen giram 14 da kalori 60, inabi wajen giram 15 zuwa 16. Waɗannan matsakaitan alƙaluma ne. Iri da nuna suna ɗan canza su.

Wanda ya zuba ido a kan sukari kaɗai zai iya faɗa wa wani ramin. Fiya kusan ba ta da sukari, amma kalorinta 160 ne saboda mai. Tsokar kwakwa ta haura 350. Dukansu abinci ne mai kyau, sai dai mai neman rage nauyi da ya guji gwanda ya koma kwakwa ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Sai batun kankana, wadda ake yawan tsoratar da mutane da ita. Tushen tsoron wani ma'auni ne da ake kira GI, wanda David Jenkins da abokan aikinsa suka ɓullo da shi a Jami'ar Toronto a 1981. Yana auna saurin da abinci ke ɗaga sukarin jini idan aka kwatanta da gulukos zalla, kuma lambar kankana a tsofaffin jadawalai ta haura 70. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ana yin gwajin ne da adadin abincin da zai ba da giram 50 na sukari da sitaci. Kafin a samu haka daga kankana sai an sha kusan giram 700. Yanka ɗaya ko biyu na mai tire ba su kai ko kusa ba. Nuna ma haka take: ayabar da ta nuna luguf ta fi saurin ɗaga sukari, domin sitacinta ya koma sukari, amma kalorinta bai ƙaru ba.

## Dabino da busassun 'ya'yan itace

Ga inda lissafi ya sauya gaba ɗaya. In aka busar da ɗan itace, ruwan ne ya tafi, sukarin yana nan. Busasshen dabino yana da sukari sama da giram 60 a kowane giram 100, da kalori wajen 280. Ninki tara ke nan na kankana. Zabibi ma a wannan layin yake. Ƙaramin dabino guda kalori 20 ne ko kusa da haka. Manyan nan masu laushi da ake kawo tsaraba daga Saudiyya guda na iya wuce 60. Uku ƙanana ba wani abu ba ne. Amma wanda ya ajiye leda a gefe yana ɗauka yana aiki, kafin ya ankara ya ci kalorin rabin kwanon abinci. Hukumar lafiya ta Birtaniya giram 30 kacal take lissafawa a matsayin rabo ɗaya na busasshen ɗan itace, alhali na ɗanye giram 80 ne.

Dabino ba abin gudu ba ne. Yana da faiba da sinadarin fotasiyam, kuma ya fi alewa da cincin ta kowace fuska. Kuskuren shi ne ɗaukarsa a matsayin zaƙin da ba ya ƙirguwa. Mai markaɗa dabino goma a kunun aya, ya ƙara kwakwa, yana murna bai sa sukari ba, ya sha kalorin da ya kusa na wanda ya sa. Ba banza ba ne haɗin ayaba da dabino da madara da gyaɗa ya zama abin da mata ke bai wa juna shawara a kai in ana neman ƙiba. Haɗin yana aiki, amma ba don ayaba mugun abu ba ce. Don an tara abubuwa huɗu masu nauyi an mayar da su abin kurɓa ne.

'Ya'yan itatuwan daji irin su goriba da magarya da kurna da ɗinya da kanya ba su cika zama matsala ba, saboda ƙwallo ya fi tsoka yawa, kuma sai an sha wahalar gwagwiya. Matsalarsu takan fara ne in sun shiga tukunya. Tsamiya da garin ƙwallon kuka suna da tsami, tsamin kuma sukari ake zubawa a kashe shi.

## Abin da bincike ya nuna

A 2013 masu bincike a Jami'ar Harvard suka wallafa sakamakon bibiyar ma'aikatan lafiya sama da 187,000 na tsawon shekaru. Masu yawan cin 'ya'yan itatuwa ɗungurungum, musamman tuffa da inabi, sun fi tsira daga ciwon suga nau'i na biyu. Masu yawan shan jus kuwa haɗarinsu ya ɗan ƙaru. A 2015 wani binciken daga jami'ar, kan mutane sama da 133,000, ya nuna waɗanda suka ƙara cin 'ya'yan itatuwa nauyinsu ya ɗan ragu a kan lokaci, saɓanin waɗanda suka ƙara dankali da masara. A ƙasar Sin an bibiyi mutane kusan rabin miliyan, aka wallafa a 2017 cewa masu cin ɗanyen 'ya'yan itace kullum haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 12 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda ba sa ci ko suke ci jefi-jefi.

Masu suka suna da abin cewa a nan, kuma maganarsu abar dubawa ce. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da dalili. Mai cin 'ya'yan itace kullum sau da yawa shi ne mai motsa jiki, mara shan taba, mai halin zuwa asibiti. Masu binciken suna ƙoƙarin tace waɗannan, amma ba a iya tace su tas. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka raba mutane gida biyu aka ce wa wasu su ƙara 'ya'yan itatuwa da ganye ba tare da rage komai ba, wani nazari na 2014 ya tarar nauyinsu bai ragu ba. Bai kuma ƙaru yadda masu tsoro ke hasashe ba.

## Masu cewa a bari, da masu cewa a ci su kaɗai

Masu bin tsarin keto suna rage sitaci da sukari zuwa ƙasa da giram 50 a yini, wasu ma 20, don jiki ya koma ƙona kitse. A cikin wannan ƙunci ayaba guda ta cinye rabin kason yini, don haka dole su bar ta. Tsarin yana rage nauyi, yana kuma taimaka wa wasu masu ciwon suga. Sai dai saurin ramar makon farko mafi yawansa ruwa ne, domin jiki yana ajiye sitacinsa a hanta da tsoka tare da ruwa, in ajiyar ta ƙare ruwan ya fita. A wani gwaji da aka wallafa a 2018, Jami'ar Stanford ta raba mutane 609 gida biyu, masu rage sitaci da masu rage mai. Bayan shekara guda kowane gida ya rage kilo 5 zuwa 6, ba wani bambancin a-zo-a-gani. Barin 'ya'yan itace sharaɗin keto ne, ba sharaɗin rage ƙiba ba ne. Ga wanda abincinsa tuwo ne da shinkafa da burodi, barin gwanda bai mayar da shi ɗan keto ba. Ya dai rasa faiba da bitamin ne kawai.

A ɗaya gefen akwai masu "wankin ciki" da 'ya'yan itace zalla ko jus na kwana uku ko mako. Sikeli yana sauka, amma abin da ya tafi ruwa ne da abin da ke cikin hanji, har da tsoka, saboda 'ya'yan itatuwa ba su da furotin na kirki. Da an koma abinci nauyin ya dawo. Wankin jini kuwa aikin hanta da ƙoda ne, suna yinsa ba tare da jus ba.

Maganar cewa sai ciki ba komai ake shan kayan marmari, ko cewa in aka sha da dare kitse yake zama, ba ta da hujjar da ta tsaya da ƙafarta.

## Ƙari ne ko musaya?

Nauyi yana raguwa ne in abin da jiki ke ƙonawa ya fi abin da ke shiga. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ga mai rage ƙiba ba "nawa ne sukarin wannan" ba ce, ita ce "a madadin me na ci shi". Wanda ya cinye malmala biyu ta tuwo, ya kawo mangwaro uku a kai, ya ƙara ne. Wanda ya bar fanke da lemon kwalba na la'asar ya sha yankan gwanda, ko ya fara da lemo kafin abinci ya rage shinkafar, ya yi musaya. Kwalbar lemo mai santilita 50 tana da sukari kusan giram 50 da kalori sama da 200. Giram 300 na kankana kalori 90 ne, kuma ya fi ta cika ciki.

A gidajenmu da yawa ba a nan gizo ke saƙa ba ma. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, daidai da lemon zaƙi biyu. Ana iya zuba uku a kwanon shinkafa da wake ba wanda ya ƙirga. Shayi mai kauri da madarar gwangwani sau biyu a yini, da zoɓo ko kunun aya na gora, sun isa su wuce cokali 12 ɗin tun kafin a zo kan ɗan itace. Mutumin da ya fara yanke ayaba ya bar waɗannan ya fara da abin da ya fi ƙaranci.

Giram 400 da Hukumar ta faɗa kuma na 'ya'yan itatuwa da kayan lambu ne a haɗe, rabo biyar na giram 80, ban da dankali da rogo. Galibin masu ba da shawarar abinci sukan raba shi biyu na 'ya'yan itace, uku na ganye. Rabo ɗaya shi ne matsakaicin lemo guda, ko ƙaramar ayaba, ko gwaiba biyu ƙanana, ko yankan gwanda, ko yanka biyu na mangwaro. Zogale da alayyahu da rama da kabeji su cike sauran. Ba sai an sayi tuffa da inabin da aka shigo da su ba. Gwaiba da gwanda da ke zube a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano sun fi su arha, kuma ba su fi su sukari ba.

## Azumi da kakar mangwaro

Lokaci biyu ne a shekara da lissafin yakan ƙwace. Na farko kakar mangwaro, daga wajen Maris zuwa farkon damina, lokacin da ake sayar da shi tuli-tuli, a gidan da ke da bishiya ma kyauta. Ba a cika shan ɗaya a tashi ba, musamman ƙananan nan masu zaƙi irin binta suga. Rabin kilo na tsokar mangwaro kalori 300 ne da sukari kusan giram 70. Wannan abincin rana ne sukutum, amma a matsayin marmari ake shan sa bayan an ci na ranar. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba: ɗaya ko biyu a yini suna shiga cikin tsari lafiya lau.

Na biyu watan Ramadan. Buɗa baki da dabino sunna ce. Hadisin Anas ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana buɗa baki da 'yan ɗanyun dabino, in babu da busassu, in babu ya kurɓi ruwa. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ba su ke sa mutum ya fita azumi da ƙarin nauyi ba. Abin da ke biyo baya ne: kunun tsamiya da sukari, ƙosai da soyayyen dankali, zoɓo mai sanyi, sannan haɗin kankana da abarba da ayaba da aka tsiyaya wa madara mai zaƙi. Haɗin 'ya'yan itacen shi ne mafi sauƙin kalori a kan tabarmar, in dai an bar shi yadda yake.

## Waɗanda lissafinsu ya bambanta

Mai ciwon suga ba a hana shi 'ya'yan itace ba, amma a gare shi adadin zama ɗaya yana da muhimmanci fiye da kowa. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta Amurka tana lissafa rabo ɗaya a kan giram 15 na sukari da sitaci, wato kamar ƙaramar tuffa, ko rabin babbar ayaba, ko ƙananan dabino biyu zuwa uku. Ya fi kyau a rarraba cikin yini, a kuma haɗa da abin da ke rage saurin narkewa, kamar 'yar gyaɗa ko kindirmo mara sukari. Wanda ke da na'urar gwaji a gida zai iya auna jininsa awa biyu bayan ya sha, ya ga yadda nasa jikin yake karɓar kowane iri.

Mai ciwon ƙoda da ya yi nisa matsalarsa ba sukari ba ce, fotasiyam ne. Ayaba da lemo da fiya da dabino suna da shi sosai, ƙodar da ta gaza kuma ba ta iya fitar da shi, yana iya taruwa ya taɓa bugun zuciya. Likitan ƙoda ne zai faɗi abin da za a ci. Garehul kuma, wani babban dangin lemo mai ɗaci-ɗaci wanda ake yawan tallatawa a matsayin mai narkar da kitse, yana hana jiki sarrafa wasu magungunan rage kitsen jini da wasu na hawan jini, sai ƙarfinsu ya yi yawa a jiki. Mai shan irin waɗannan ya tambayi likita ko mai harhaɗa magani tukuna.

Wanda ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin suga irin gilibenkilamaid, in ya yanke sitaci da 'ya'yan itace farat ɗaya ba tare da an rage masa magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da ƙima. Alamun su ne rawar jiki, da zufa, da jiri, da bugun zuciya, da ruɗewa. A wannan hali saurin shigar sukari da ake gudu shi ake nema: rabin kofin jus ko lemon kwalba mai sukari, ko babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, wajen giram 15 ke nan. A jira minti 15 a sake aunawa, in bai hau ba a maimaita. In kuwa ya fita hayyacinsa, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.